Jiragen Kaya Sun Tafi, Masu Fito Suna Nan

Baƙon da ya shiga garin Keffi a yau, ya ga manyan motoci suna kai da kawowa a kan hanyar Abuja zuwa Akwanga, da wuya ya kawo a ransa cewa ruwa yana da hannu cikin arzikin wannan gari. Rafin Antau da ya ratsa garin ba ya ɗaukar jirgi, babu tashar ruwa, babu unguwar masunta. Amma kuwa an yi zamani, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20, da fuskar Keffi take duban kudu, watau wajen Loko, wani gari a bakin Kogin Binuwai mai nisan fiye da kilomita 100 daga nan. Ta can gishiri da tufafi suke shigowa, ta can hauren giwa da kuza suke fita, ta can kuma Turawa suka riƙa ɓullowa, da fari da littafin rubutu a hannu, daga baya da igwa.

A unguwar Liman Abaji akwai wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare, wanda shekarunsa suka doshi tamanin. Gidansu sun daɗe suna cin abinci a kan wannan hanya ta Loko. Kakansa ɗan alaro ne, ubansa mai sayen riɗi, ƙanensa kuma falken doya. Shi kaɗai ne ya kauce ya kama alli. In ana hira aka kawo zancen gada da jirgi, yana da magana guda wadda ba ya gajiya da faɗinta. Yakan ce jirgin Bature kaya ya zo ɗauka, da kayan suka sami wata hanya sai ya yi tafiyarsa. Mai fito kuwa mutane yake ɗauka, saboda haka har yanzu yana nan, kuma shi ne wanda ba mai waiwayarsa. Wanda ya bi tarihin kogin nan a tsanake zai ga maganar dattijon tana da ƙafafu.

Kafin zuwan jirgin wuta

Tun kafin wani Bature ya san inda Kogin Kwara yake zubawa, akwai mutanen da ruwa ne gonarsu. A ƙasar Nufe akwai Kede, waɗanda sarkinsu Kuta yake zaune a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. A ƙasa da su akwai Kakanda, a wajen Yawuri da Kabi akwai Sarkawa, a kan Binuwai kuma akwai Jukunawan ruwa da Agatu da Basa da sauransu. Fataken goro masu zuwa Gwanja ba su da makawa sai sun ƙetare Kwara, in sun tafi da in sun dawo. Ayari yakan yi zango a bakin ruwa, madugu ya shiga ciniki da masu fito, a biya kuɗin fito da wuri, sa'an nan a shiga ƙetarar da mutane da kaya da jakuna, wani lokaci har a kwana ana yi.

Abin lura a nan shi ne fito a wancan zamani sarauta ce mai mai ita. Kowane mashigi yana da Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi, wanda ya san inda ruwa yake juyi, ya san inda dorina take kwana, ya san ranar da ba a shiga. Yana karɓar rabonsa, yana kai na sarki, amma in jirgi ya kife an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba za a ce zamanin nan duk alheri ne ba, gama jiragen da suka ɗauki goro da kanwa su ne kuma suka ɗauki bayi. Sai dai babu mashigin da aka bari haka nan ba mai tsaro.

Cikin shekarar 1830 wasu 'yan'uwa biyu mutanen Ingila, Richard da John Lander, suka bi Kwara cikin kwale-kwale har suka fita teku. Bayan shekara biyu, watau 1832, wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya kawo jiragen wuta guda biyu. Ɗaya an sa masa suna Quorra, watau Kwara, ɗayan kuwa Alburkah, wanda ba wani abu ba ne illa kalmar nan ta Hausa, albarka. Tafiyar ba ta yi albarka ba, domin cikin Turawa 48 da suka fito tara kaɗai suka koma gida, zazzaɓi ya cinye sauran. Sai a 1854, sa'ad da Likita William Baikie ya hau Binuwai cikin jirgi mai suna Pleiad yana ɗura wa mutanensa kwinin safe da yamma, aka je aka dawo ba a binne Bature ko ɗaya ba. Wannan magani mai ɗaci shi ya buɗe kogin. A 1857 wani jirgin nasa, Dayspring, ya bugi dutse a Jabba ya farfashe, amma wannan bai hana kome ba. Baikie ya zauna a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, wurin ya zama kasuwa.

Ita Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800 a ƙarƙashin Zazzau, tana kan hanya mafi sauƙi daga Binuwai zuwa Zariya da Kano. Nasarawa, wadda Makama Dogo ya kafa cikin shekarun 1830, tana tsakaninta da ruwa, Loko kuwa ita ce ƙofarsu su duka. Sunan ma ya dace da aikin garin, domin a bakin 'yan alaro loko shi ne wurin da ake jingine kaya a huta. Bajamushe Gerhard Rohlfs ya ratsa Keffi a 1867 daga Barno, ya gangara Binuwai ya shiga kwale-kwale zuwa Lakwaja. Wani Bajamushen, Paul Staudinger, ya sauka a Loko a 1885 ya bi ta Keffi zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. Haka kuma Charles Robinson, wanda ya rubuta ƙamus na Hausa, ta Loko da Keffi ya bi ya shiga Kano a ƙarshen 1894.

A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila masu ciniki a kogin suka zama ɗaya, a 1886 kuma gwamnatinsu ta ba kamfanin takardar izinin mulki, aka san shi da Kamfanin Neja. Jiragensa suka mamaye Kwara da Binuwai. A Yola, da Lamiɗo bai yarda su yi gini a tudu ba, sai suka girke wani tsohon jirgi a kan ruwa suka mai da shi kanti. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, jiragen da suke kawo gishiri suka shiga kawo soja. Ta ruwa aka kai rundunar da ta ci Yola a watan Satumba 1901. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Maloni ya nufi Kano wurin Sarki Alu, wannan yana cikin dalilan da Lugga ya bayar na yaƙar Kano a watan Fabrairu 1903. Shi Magaji a Burmi ya faɗi cikin wannan shekara.

Kaya a ka, kaya a ruwa

A wannan zamani ne kakan dattijon Liman Abaji ya tashi saurayi. Turawa sun gano kuza a duwatsun Jos, amma babu dogo, babu hanyar mota. Hanya ɗaya ce: a ɗora wa mutane a ka, su gangaro ta ƙasar Keffi har Loko, a zuba a jirgi. Kayan ɗan alaro wajen laba 60 ne. Kakan ya sha ba jikansa labarin yadda suke jerawa ɗaruruwa, kowa da gammonsa da sandarsa, ana tafe ana loko, kwana da kwanaki. In sun sauke kuza a bakin ruwa ba sa komowa hannu rabbana, sai a ɗora musu buhun gishiri ko ƙunshin akoko ko akwatin kananzir. Ya ce wuyan tsohon har ya mutu bai miƙe sosai ba, tsakiyar kansa kuwa ba gashi, gammo ya cinye.

Abin da ya fi tsaya wa tsohon a rai shi ne bai taɓa shiga jirgin ba. Ya ɗauki kayansa shekara da shekaru, ya ga hayaƙinsa, ya ji kukansa, amma iyakarsa katakon da aka gitta tsakanin gaɓa da jirgi. Yakan ce buhu ya fi shi gata, tun da shi buhu an kai shi har Ingila.

Daɗin daɗawa, gishirin da jirgi ya kawo ya shiga gasa da na gida. Matan Keana da na Awe sun gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni, fatake suna zuwa saye daga nesa. Da farin gishirin kanti ya yawaita, kasuwarsu ta ragu. Haka masaƙa suka ji a jikinsu da akoko ya yi araha. Jirgi ya kawo sauƙi ga mai saye, ya kawo wahala ga mai yi.

Aikin alaron kuza bai daɗe ba. Da jiragen ruwa aka kawo ƙarafan dogo aka sauke a Baro, aka shimfiɗa su har suka isa Kano a 1911. A 1914 ƙaramin dogon nan na Zariya zuwa Jos ya kai ma'adinai. Da haka kuza ta daina bi ta Keffi. Watau jirgin ruwa da kansa ya yi dakon abin da zai kashe masa kasuwa. Shi ma jirgin ƙasa a farkonsa sai da aka yi masa fito: a Jabba wani jirgin ruwa mai suna Fabius ne yake ɗaukar taragai yana ƙetarar da su, har aka gama gada a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Makurɗi ma haka aka yi ta yi har aka buɗe gadar Binuwai a 1932.

Duk da haka jiragen kaya ba su bar Binuwai nan da nan ba, domin daga Makurɗi zuwa gabas babu dogo. Ibi da Lau da Numan da Yola, har Garwa ta ƙasar Kamaru, duk da ruwa suka dogara. Kamfanin Neja, wanda ya rikiɗe ya zama U.A.C. a 1929, yana da tashar jiragensa a Burutu kusa da teku, Kamfanin John Holt kuma a Warri. Daga Burutu zuwa Garwa tafiyar wajen kilomita 1,500 ce, kuma ba kullum ake yin ta ba. Binuwai kogi ne mai lokaci. Da rani yashi ne fal, har akwai wuraren da yaro yake takawa ya haye. Sai damina ta kankama ruwa yake tasowa, ya cika ya batse wajen Satumba, sa'an nan ya janye da sauri. Garuruwan sama kamar Garwa wata biyu zuwa uku kaɗai suke samu. Cikin wannan ɗan lokaci tilas a kai musu gishiri da siminti da kwanon rufi da man fetur da kananzir na shekara guda, a kwaso gyaɗa da auduga da riɗi da fatu na shekara guda. Jirgin da ya yi nawa, ruwa ya gudu ya bar shi, sai ya yi rani a kan yashi.

Jiragen farko da itace suke tafiya, saboda haka ƙauyukan bakin ruwa sukan sare itace su tara a gaɓa suna jiransu. Ba su da zurfin ciki, don kada su taɓa ƙasa, kuma akwai wata babbar ƙafa a bayansu ko a gefe tana juyawa tana dukan ruwa. A goshin jirgi akan sa mutum da doguwar gora mai zane yana auna zurfi yana faɗa da ƙarfi. Masu nuna hanya kuwa 'yan ƙasa ne, jikokin masu fiton dā, domin taswirar Bature ba ta san inda yashi ya koma bana ba. Daga baya aka kawo jirage masu injin mai, waɗanda suke tura manyan kwale-kwalen ƙarfe da yawa a haɗe.

Uban dattijon yana sayen riɗi a ƙauyuka yana kaiwa bakin ruwa. Wata damina a ƙarshen shekarun 1950 ya tafi da shi, yana ɗan shekara goma sha ɗaya. A nan ya ga irin wannan jirgi da idonsa, yana haurawa gabas a hankali kamar unguwa guda ta tashi tafiya. Yara suka bi gaɓa da gudu suna ihu, mata suka kwashe wanki don igiyar ruwa. Jirgin bai tsaya ba a ranar. Can ƙasa kaɗan kuma ga wani kwale-kwale cike da mata masu komowa daga kasuwa, mai tuƙi yana ta fama da filafili don kada igiyar jirgin ta kifar da su. Dattijon ya ce bai gane ma'anar abin da ya gani ba sai da ya tsufa.

Yadda jiragen suka ɗauke ƙafa

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe sufurin kogi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe ƙasan Kwara, jirage suka tsaya, waɗansu suka lalace, kamfanoni ba su sāke farfaɗo da aikin kamar dā ba. Bayan yaƙi kuɗin man fetur suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, aka gina gadoji, babbar mota ta riƙa kai kaya Yola cikin kwana biyu ko uku, rani da damina. Farin shekarun 1970 ya rage ruwa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Lagdo a Kamaru kuma a 1982, tafiyar ruwa ta sauya, yashi ya yi ta taruwa ba mai yashewa. Kantunan bakin ruwa suka zama kangaye.

Gwamnati ba ta rasa yin yunƙuri ba. An kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa a 1997, hedkwatarta a Lakwaja. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, nisan kilomita 572. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro, amma shekaru suka shuɗe bayan bikin ba a ga jiragen kaya suna zirga-zirga a can ba. Mai karatu zai lura cewa waɗannan manyan ayyuka duk don kaya aka yi su. Har yanzu tunanin kamfani ne: tan nawa za a ɗauka, riba nawa za a samu.

Alhali kuwa mutanen bakin ruwa ba su je ko'ina ba. Suna nan a Loko da Umaisha da Tunga da ɗaruruwan ƙauyuka da tungaye waɗanda ba sa cikin taswira. Kasuwarsu tana hayi, asibitinsu yana hayi, surukansu suna hayi. Abin hawansu shi ne na kakanninsu, sai dai an ƙara masa tsawo an ɗaura masa inji a baya.

Ƙanen dattijon yana ƙetarewa daga Loko zuwa Oweto, cikin ƙasar Agatu, yana sayo doya. Wata ranar kasuwa cikin watan Satumba, a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga jirgin ƙarshe bayan la'asar sakaliya. Kowa ya san in wannan ya tashi babu wani sai gobe, saboda haka ba wanda ya yarda a bar shi. Aka loda doya, aka loda buhuna, aka ɗora babur, mutane suka zauna a kan kaya, har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Suna tsakiyar kogi magariba ta yi, wani gungume da ambaliya ta ɗauko ya daki jirgin. Sai bayan kwana uku masunta suka tsamo gawarsa can ƙasa, aka yi masa sutura a bakin gaɓa. Ya bar mace da 'ya'ya huɗu, dattijon ne ya riƙe su da albashin malamin firamare.

Bai taɓa zagin mai jirgin ba, wanda shi ma a nan ya cika tare da ɗansa. In aka ce ai haɗama ce ta masu jirgi, yakan ce a yi lissafi tukuna. Mutum ya sayi mai da tsada, ya biya haraji a gaɓar nan da waccan, fasinjojinsa talakawa ne waɗanda ba za su iya biyan ninki ba. In ya ɗauki talatin ya faɗi, in ya ɗauki tamanin ya ci abinci. In ya ce jirgi ya cika, waɗanda ya bari a gaɓa 'yan'uwansa ne da maƙwabtansa, za su kwana a fili. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon kuwa ba mai jirgi ne ya tsaga shi ba.

Gada ta zo, amma ba kowa ta isa ba

An ba da kwangilar gadar Loko zuwa Oweto a 2011, aka buɗe ta a watan Mayu 2023. Tsawonta kimanin kilomita 2 ne. Mai fita daga Keffi zuwa Otukpo da ƙasashen gabas ya huta da zagayen Lafiya da Makurɗi. Ɗaya daga cikin marayun nan, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya ɗauki dattijon a mota ya kai shi. Suka haye cikin abin da bai kai minti biyar ba. Ya roƙi a tsaya a hayi, ya juyo ya dubi ruwan, ya yi wa ƙanensa addu'a, ya ce wa yaron su koma gida. Alherin gada ba abin musu ba ne, kuma Keffi ta sāke samun ƙofarta ta kudu bayan shekara fiye da ɗari.

To, amma Binuwai tsawonsa wajen kilomita 1,400 ne, Kwara kuwa ya haura 4,000, ban da Kaduna da Gongola da Katsina-Ala da tafkunan madatsu. Babu gwamnatin da za ta iya yi wa kowane mashigi gada. Waɗanda gada ba ta isa gare su ba su ne ake jin labarinsu a rediyo kowace damina. A watan Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A watan Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, Jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 masu komowa daga biki suka halaka da dare a yankin Patigi ta Jihar Kwara. Dalilan kullum iri ɗaya ne: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, rashin rigar ceto. Hukuma ta sha yin gargaɗi, ta hana tafiyar dare, an kuma raba rigunan ceto a wurare. Amma gargaɗi ba ya ƙara yawan jirage ranar kasuwa, ba ya kuma rage kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a 2023.

Waɗansu ƙasashe sun gamu da irin wannan matsala, sun kuma yanke shawara tun da wuri. A arewacin ƙasar Norwe akwai garuruwan masunta a bakin teku waɗanda duwatsu suka raba su da sauran ƙasa. A dā wasiƙa daga Trondheim zuwa Hammerfest takan yi mako uku da bazara, da hunturu kuwa har wata biyar. A 1893 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da wani matuƙi mai suna Richard With, ta ba shi tallafi don jirginsa ya riƙa bin garuruwan nan kowane mako, ko akwai riba ko babu. Tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki. Wannan hanya, wadda ake kira Hurtigruten, ta miƙe daga baya ta taso daga Bergen har Kirkenes, tana tsayawa a tashoshi 34, tana sauke abinci da fasinja. A yammacin Sikotilan ma kamfanin Caledonian MacBrayne, wanda yake haɗa tsibirai da tudu, mallakar gwamnati ne. Hujjarsu guda ce: jirgin fito hanya ce, kamar kwalta. Ba a tambayar kwaltar ƙauye ribar da ta kawo kafin a gyara ta.

Sai dai mallakar gwamnati kaɗai ba ta isa ba in babu tsaro. Jirgin Joola na ƙasar Sanagal na gwamnati ne, amma a watan Satumba 2002 ya kife a teku da lodi ninkin abin da aka ƙayyade masa sau da yawa, mutum fiye da 1,800 suka mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ake bukata a kogunan Nijeriya bai fi ƙarfin hukuma ba. A ƙidaya manyan mashigai, a sa wa kowanne jirgin ƙarfe mai faɗi wanda yake da lokacin tashi sananne, a ƙara masa sawu ranar kasuwa don kada kowa ya yi ribibin jirgin ƙarshe. Inda 'yan kasuwa ne suke da jirage, a tallafa musu da mai bisa sharaɗin ba za su wuce adadi ba. A mayar wa Sarkin Ruwa ikonsa na dā, a ba shi albashi da littafi, ya ƙirga masu shiga, ya hana tashi bayan faɗuwar rana, a kuma tuhume shi in ya yi sakaci. A tumɓuke kututture da rani tun ruwa bai rufe su ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. 'Ya'yan masu fiton da gada ta karɓe musu sana'a su ne suka fi cancanta a ɗauka wannan aiki, tun da sun san ruwan tun suna goye.

Shekara kusan ɗari biyu ke nan tun da jirgin nan mai suna Albarka ya shigo Kwara. A tsawon wannan lokaci an yi wa hauren giwa jirgi, an yi wa kuza, an yi wa gyaɗa da auduga, har taragon jirgin ƙasa an yi masa. Matar da take ƙetarewa da jinjiri a baya za ta kai shi asibiti ita ce har yanzu ba a yi mata ba. Hakkinta yana wuyan gwamnatocin jihohi da ta tarayya da ƙananan hukumomi da sarakunan bakin ruwa baki ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba shugabanni ikon duba na raye tun damina ba ta sāke zagayowa ba. Amin.